Gorin da Na Yi wa Mijina Kan Azumi Ya Kai Shi Gadon Asibiti

A lokacin da abin ya faru ni ce shugabar zumuntar mata a 'yar ƙaramar majami'armu, mace mai kaifin baki da saurin fushi, wadda take ganin babu wanda ya kai ta riƙon addini. Shekarata ashirin da biyu da aure. Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Maradun, da gonarmu da rumbunanmu, har 'yan bindiga suka matsa wa yankin muka tattara yara muka gudo Talata Mafara. Muka kama ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa Musulma da kowa ke kira Inna. Maigidana, wanda dā shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago, ya koma yi wa wasu dashen shinkafa a fadamar Birnin Tudu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni ce dai kullum nake ƙuna a rai.

Mutum ne mai sanyin hali, yana kuma fama da ciwon suga. Likita ya kafa masa doka cewa kada ya kuskura ya sha ƙwayar maganinsa ba tare da ya ci abinci ba. Kowace safiya kafin ya fita sai ya zauna bakin ƙofa da tabaraunsa da ya ɗaure da zare, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta sura guda, yana bin layi da yatsa kamar ɗan firamare. Sau da yawa yakan ce in zo mu karanta tare, ni kuwa in ce aiki ya yi mini yawa. Gaskiyar magana ita ce nawa littafin daga Lahadi sai Lahadi nake taɓa shi. Na fi son addu'a mai ƙarfi da ɗaga murya, karatun nan nasa a hankali yana ba ni haushi.

Da sabuwar shekara ta kama, majami'a ta sanar da azumin kwana ashirin da ɗaya, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Fasto ya faɗa a fili cewa marasa lafiya da masu ciki kada su yi. Na ji da kunnena, amma na bar maganar a can. Na ƙudurta cewa da azumin nan zan sa Allah ya mayar da mu ƙauyenmu. Ina dama wa maigida koko da safe, ina zuba masa abincin rana a kula, amma bakina bai barin sa ya huta. In ce wasu maza suna tsaye gaban Allah saboda iyalinsu, wasu kuwa cikinsu ya fi musu gidansu. Rannan har na ce wa ya sani ko cokalinsa ne yake tare mana addu'a. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki kularsa ya fita. Wallahi har yau in na tuna kallon nan sai idona ya kawo ruwa.

Ashe daga ranar ya shiga azumi a ɓoye. Sai ya ce zai sha kokon a hanya, ya kai wa abokan aikinsa har da abincin ranar, ya dawo mini da kula a wanke. Maganin kuwa bai daina sha ba, don ya san ina duba kwalin. Na ga yana ramewa, hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofi, na ce gajiyar fadama ce. A rana ta tara da fara azumin majami'a, da azahar, wani mai babur ya tsaya ƙofar gida yana tambayar matar Kiristan nan mai dashe. Ya ce maigidana ya yanke jiki ya faɗi a cikin fangali, inda ake tara ruwa a dasa shinkafa, fuskarsa cikin ruwa, Allah ya sa wani manomi abokin aikinsa ya hango shi ya jawo shi. Sun ɗura masa ruwan suga bai haɗiye ba, sun kai shi asibiti. Ban san sa'ad da na fita ba ko takalmi.

Likita ya tambaye ni yaushe rabonsa da abinci, na rantse ya ci da safe. Manomin da ya rako shi ya sunkuyar da kai ya ce, kwana biyar ke nan su ke cinye abincin, ya ce musu azumi yake. Inna, wadda ta biyo ni da mayafina a hannu, ta zaunar da ni a benci. Tana jin duk gorin da nake yi masa ta katanga, ba ta taɓa sa baki ba sai ranar.

Ta ce, "Ɗiyata, mu ma da muke azumin wata guda, Allah ya ɗauke wa maras lafiya. Ke wa ya ba ki izinin aza mai abin da Allah bai aza mai ba?"

Ban da kuka babu abin da na iya. Ita ta kula da yarana duk kwanakin da muka yi a asibiti, tana aiko mana da tuwo da miyar kuka.

Sai washegari ya farfaɗo. Harshensa ya yi nauyi, idonsa kuma ba ya iya tsayawa kan rubutu, har yanzu bai koma daidai ba. Na durƙusa gefen gadon na ce, Baban yara, me ya kai ka? Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin su fito.

Ya ce, "Na ga kina wahala ke kaɗai. Ban so ki tsaya gaban Allah ba ni ba."

Ko kalma ɗaya ta zargi bai faɗa mini ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Abin da ya roƙa kawai, in riƙa karanta masa surarsa ta safe tunda shi ba ya iyawa. Haka na fara, ina in'ina kamar baƙuwa. Muna tafe a hankali har wata safiya muka iso inda ake bayanin irin azumin da Allah yake so, cewa ba yunwa da tsangwamar na kusa da kai ba ne, sauke wa mutane kaya ne da ciyar da mai jin yunwa. Na rufe littafin na yi kuka mai isata. Maganar tana nan a rubuce cikin ɗakina shekara da shekaru, ni ce ban buɗe ba. Da ina zama kusa da shi lokacin da yake kirana, da ban yi abin da na yi ba.

Ban daina azumi ba, amma yanzu ba wanda yake sanin ina yi, ba na kuma leƙa kwanon kowa. 'Yan'uwana mata, azumi ba sanda ba ne da za ki riƙa dukan mutanen gidanki da shi, kuma ba ciniki kike da Allah ba. In akwai mai ciwo a gidanki, ki bar shi da abin da likita ya ce. Ki buɗe Littafin kowace rana ko da aya biyar ce, kada zafin addini ya yi miki yawa ba tare da sani ba. Ki kuma kiyayi bakinki a kan mutumin da ba ya rama magana, don irinsu sukan ɗauke ta da gaske.

Har yau ba mu koma ƙauye ba, ban kuma san ranar komawa ba. Shi kuma bai sake iya shiga fadama ba. Gona nake roƙo a dawo mini da ita, saura ƙiris in binne mai gonar da bakina.