Jar Hular Ofelia

Duk wanda ya taɓa kawo ɗansa bikin tunawa da matattu da ake yi duk shekara a garin El Paso ya san Ofelia Barraza, ko bai san sunanta ba ya san layinta. Ita ce mai zana wa yara fuska: ƙoƙon kai mai furanni, damisa, malam-buɗe-littafi. Ni kuwa, Chayo, gasasshiyar masara nake sayarwa a rumfar da ke jikin tata, tun muna da sauran ƙuruciya.

Masu wannan sana'a suna da al'ada. Idan lokacin tashi ya yi, sai a sa wa yaron ƙarshe wata jar hula, duk wanda ke bayan mai hula sai haƙuri. Ofelia ma tana da tata, amma a ƙasan akwatin fenti take kwance, sabuwa fil. Ba ta iya ce wa yaro a'a. Kullum nakan ajiye mata masara ɗaya a gefen tebur, da barkono da lemon tsami, kullum kuma sai ta huce ta bushe in zubar.

Bara hannunta na dama ya fara ciwo. Likita ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: in ba ta riƙa hutar da shi ba, wata rana ko cokali ba za ta iya riƙewa ba, balle buroshi. Ta ce to, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Abin ya ci mini rai, don na san in aka raba Ofelia da zane an gama da ita.

Ranar farko ta bikin bana, tun da hantsi layi ya kai bakin titi. Har yamma ko ruwa ba ta kurɓa ba. Na leƙa na ga tana matsa wuyan hannun a ƙarƙashin tebur.

Na ce, "Ke Ofelia, fito da hular nan."

"Bari in gama da waɗannan."

"Waɗanne? Tun rana tsaka kike cewa waɗannan! Haifar su ake yi a layin?"

"Chayo, ji da masararki, tana ƙonewa."

"Ta ƙone mana! Ke ma ai ƙonewar kike yi, uwar taurin kai."

Ko kallona ba ta yi ba. Wata yarinya mai suna Itzel ta hau kujera, babanta na tsaye a kanta, wani ƙaton mutum. Ƙoƙon kai take so, wannan zanen kuwa dole a zagaye ido da baƙi, da siririn buroshi.

"Rufe ido, 'yata," in ji Ofelia.

Daga rumfata nake hango bakin buroshin yana rawa. Na buɗe baki zan yi magana ke nan, hannun ya fizge, baƙin fenti ya shige gefen idon yarinyar. Ta ƙwalla ƙara.

"Me kika yi wa 'yata?" Uban ya daka tsawa, har ya ture tebur.

Na suri gorar ruwa na ruga. Muna zubawa, baƙin ruwa na gangarowa a kumatunta. Ofelia na tsaye, buroshin ya suɓuce mata ƙasa, ta kasa dunƙule yatsunta. Can Itzel ta buɗe idon, ya yi ja wur.

"Ina gani, Baba," ta ce. "Amma ba ta gama ba."

Ofelia ta durƙusa, ta tona akwatin da hannun hagu, ta zaro jar hular. Ta ce wa uban, "Ka gafarce ni. Ba zan sake zuwa kusa da idon ba." Ya daɗe yana hararar ta kafin ya gyaɗa kai. Ta ɗora wa yarinyar hular. "Ke ce ta ƙarshe."

Nan fa layi ya hargitse. Wata mata ta ce, "Haba baiwar Allah, ƙafafunmu sun sage a nan!" Wani ɗan ƙarami ya fashe da kuka, irin kukan da Ofelia ba ta taɓa iya jurewa ba. Na ga kafaɗunta sun motsa, na ce a raina shi ke nan, za ta cire hular.

Ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Gobe da safe. Yau na tashi." Da ɗan yatsan hagu ta dangwala wa Itzel fure a kumatu, karkatacce, ta rufe akwati.

Ta jawo kujerarta zuwa rumfata, ta kwantar da hannun a cinya kamar jariri, hawaye na zuba.

"Chayo, akwai mai zafi?"

Na ciro ɗaya daga kan garwashi na miƙa mata. Ta gatsa, ta ƙona harshe, ta zaro ido.

"Ashe haka masararki take?"