Hamma Modu da Sudar Namtari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Hamma Modu. Na daɗe ina son in ba masu karatu labarinsa, hannuna ne yake ƙi.

A unguwar Gwadabawa ta Jimeta aka haife mu. Kakanmu ne ya zo Jimeta daga Barno da fatauci, Hamma kuwa yana ɗauke da zanen Barebari a fuska. Malamin gona ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi madubin hangen nesa, ya mai da gonarsa ta Namtari wurin kallon tsuntsaye. Cikinsu duka suda ce ta tafi da hankalinsa, tsuntsuwar nan mai doguwar wutsiya da baki rawaya. Shi ya nuna mini cewa ba ta zama ita kaɗai. Ƙungiya suke yi, ɗaya ta hau ƙololuwar bishiya tana gadi, sauran su riƙa dira ƙasa suna cafke fara. In guda ta kwanta a kan ƙwai, 'yan'uwanta ne ke kawo mata abinci har sheƙa. Yakan ce mutane surutunta kawai suka sani.

Sai shekarar gudun hijira ta zo. Motoci suka riƙa sauke mutanen arewacin jihar nan da suka tsere wa mahara, wasu ko takalmi babu. Gidaje suka cika da baƙi, unguwanni suka kafa shinge, samari riƙe da gora suna bincike. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa maharan sun turo masu leƙen asiri cikin gari. Mai zane irin na Hamma kuwa, kallo biyu ake yi masa.

Na ce, "Hamma, ka ajiye madubin nan har abubuwa su lafa."

Ya ce, "Falmata, sudan nan sun ƙyanƙyashe a farar ƙayar bakin gona. So nake in ga tashinsu. Wane ne bai san ni ba a Namtari?"

Samarin da ke gadi a safiyar nan ba su san shi ba. Sun hango dattijo a tsugune bayan ciyawa, madubi a ido, ya fuskanci hanya. Suka kewaye shi. Ya ce musu suda yake kallo, amsar nan ce ma ta ƙara tunzura su. Kafin wani tsohon manomi ya iso ya shaida shi, gora ta riga ta same shi a ƙeya. Ya dawo gida da ƙafarsa, ya hana mu kai ƙara, ya ce yara ne tsoro ya kama. Daga nan ciwon kai ya taso, magana ta fara sarƙe masa. Muka kai shi asibiti, amma bai ga ƙarshen watan ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. An yanka gefen gonar fuloti-fuloti, masu gawayi sun cinye itatuwan. Shingaye sun ragu, sai dai manomi ba ya son la'asar ta same shi a daji saboda masu satar mutane, a cikin gari kuma kowa ya damƙe wayarsa in ya shiga keke. Ina jin ba itatuwan ne za su fi damunsa ba. Yadda muka saba da zargin juna ne, har muka daina jin nauyinsa.

Bai bar dukiya ba. Ya bar 'ya'ya uku da ba sa wuce taron da aka tsare wani ba su tsaya sun tambaya ba. Wannan gadon yana sa ni alfahari, yana kuma hana ni sakewa.

Bara wani magidanci ya yi sallama a gidana a Shagari Low Cost. Ya durƙusa, ya kira ni Adda, wato yaya, ya ce, "Ina cikin masu gadin Namtari a safiyar nan. Ba ni na buga ba, amma ni na fara ihu. Ki yafe mini."

Na ce mai haƙƙin ya yafe tun yana da baki. Sannan na tambaye shi, in gobe ya hango baƙo a bayan ciyawa, me zai yi?

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Adda. Tsoron yanzu ya fi na wancan lokacin."