Ƙullin Igiyar Kakata a Kogin Potomac

Ni Bakatsine ne, ruwan da na sani bai wuce na randa da kududdufin bayan gidanmu ba. Amma 'yata, wadda aka haifa a Germantown ta ƙasar Amurka, ta ƙwallafa rai a kan koyon tuƙa kwalekwalen nan da iska ke turawa. Duk Asabar nakan kai ta bakin kogin Potomac a garin Alexandria, in zauna a mota ina jan carbi.

Abin da ke damuna shi ne, shekarunta sha huɗu, tana jin Hausa sarai, amma ko gaisuwa sai ta mayar mini da Turanci. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na gaji.

Wata rana muna dawowa ta ba ni labari, da Turanci mana, cewa matuƙan jirgin ruwa da "knot" suke auna gudu, wato ƙulli. Wai a da igiya suke yi wa ƙulli-ƙulli, su ɗaura mata guntun katako su jefa a ruwa, sannan su ƙirga ƙulli nawa ya zare daga hannunsu cikin ɗan lokaci. Na ja tsaki na ce ai kakata ta riga su. Igiyar guganta ƙulli ce tun daga sama har ƙasa, kuma in rani ya yi nisa, da shi take gane inda ruwan rijiya ya sauka, ta hana kowa wankan almubazzaranci. Na ƙara gishiri, na ce danginmu da igiya da ruwa aka san mu.

Bakina ne ya ja mini. Asabar ta gaba ta gaya wa malaminta cewa gwani ya zo, aka zura mini rigar ceto a kan kaftani, aka saka ni cikin kwalekwalen. Muna barin gaɓa iska ta tafi da hulata. Na rungume sandar tsakiya, addu'ar hawa jirgi ta ɓace mini, ta cin abinci ce kawai ta zo bakina.

'Yata ta miƙo mini igiya tana danne dariya.

"Abba, riƙe ƙullin nan," in ji ta. "Kar ka faɗa rijiya."

Da Hausa ta faɗa, tsaf. Daɗi ya kama ni har na manta da tsoro. Na riƙe igiyar gam, na ce mata iska ta hana ni ji, ta maimaita.