Tarwaɗa a Hannun Baffa

Da na ajiye aikin gwamnati na gina tankin siminti biyu a bayan gidana a Limawa, na zuba 'ya'yan tarwaɗa. A daminar nan ne Baffa, mahaifina, ya zo daga Aujara don a duba masa ido, ya zauna da mu. Tun yana yaro yake bin shanu, kifi kuwa ko ƙarninsa ba ya so. Da ya leƙa tankin sai ya ce, "Wannan ma kiwo ne?"

Bayan na raba manya da ƙanana, na kwashe su da raga mai kaushi, sai gyambo ya fara fito musu a gefen ciki. Suka daina cin abinci. Kullum da safe sai na tsame matattu. Har na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta zan zuba musu, sai 'yata ta dawo hutu daga jami'a a Kafin Hausa, inda take karanta ilimin halittu.

Ta jiƙa hannu, ta ɗago guda ta duba.

"Baba, ragarka ce ta goge musu yauƙi," in ji ta. "A cikin yauƙin nan akwai wasu furotin da jikin kifi ke yi da kansa, su ne ke fasa ƙwayar bakteriya kafin ta shiga nama. A jininsa ma akwai. Amma in ruwa ya ƙazantu, kifin ya wahala, sai su yi rauni."

Baffa na kan tabarma yana saurare. Ya ce, "Amarya, kamar dakashi, nonon farko, ke nan? Maraƙin da ya sha shi da wuri ba ya yawan kwanciya."

Ta yi dariya. "Kusan haka ne, Alhaji. Sai dai shi kifi ba uwar da za ta shayar da shi."

Muka ware waɗanda suka jigata, su kaɗai aka yi wa magani bisa shawarar likitan dabbobi. Sauran muka sauya musu ruwa, muka sa gishiri kaɗan, muka rage abinci. Na kuma jingine ragar.

Baffa ne ya karɓi tsaron ba tare da an sa shi ba. Bayan asuba sai ya ja kujera bakin tanki, ya zuba musu idonsa mai lafiya. Shi ya fara lura cewa bakin gyambon yana haɗewa. Ya kuma nuna mini wasu da tun farko cutar ba ta taɓa ba, ya ce kada in sayar da su, irin waɗannan ake bari a garke su haihu.

Na bar su. Ranar da muka yi kamun farko, uwargida ta yi farfesu, gida ya cika da ƙamshi. Aka kai wa Baffa kwano, ya sa albarka, ya miƙa wa jikarsa, ya ce a kawo masa furarsa da nono.