Tayoyin Baba Roba

Maƙwabcina, wanda duk layinmu ke kira Baba Roba, a kamfanin tayar keke ya ƙarar da ƙarfinsa. Ni na laƙaba masa sunan, don ko wanka uku ya yi, warin roba sai ya riga shi shigowa.

"Baba, yau ma taya ka ci da rana?"

"Tafi can, ja'iri, kai da ko famfon keke ba ka iya riƙewa ba."

Aikinsa gasawa ne. Wasu za su shimfiɗa zare a karkace, su lulluɓe shi da ɗanyar roba, su naɗe waya a baki biyu, su miƙo masa abu laƙwas kamar tsumma. Shi zai sa a inji mai zafi ya danne, sai ga taya ta fito da zanenta. Yakan ce zare ne ƙashinta, iska ce ranta, kuma wadda ba a hawa ta fi saurin mutuwa.

Da ya bar aiki, ya dawo gida da guda biyun da ya gasa a ƙarshe. Bai kai ga sa su a keke ba ɓarin jikinsa ya shanye. Ya sa matarsa, Inna, ta rataye su a ƙusa jikin taga, inda zai riƙa ganinsu daga gado. Ya ce ranar da ya miƙe, da su zai fita. Kullum da hantsi rana na dukansu, shekaru na ta wucewa.

Bara ƙafar ta ɗan saki, ya fara takawa da sanda. Ya aiko a kira ni.

"Sauko min da su. Yau za ka koyi famfo."

Na sauko da su. Sun bushe ƙayau, gefe duk ya tsattsage. Na dubi Inna, ta kawar da kai. Ashe ta daɗe da gani, wajen kakkaɓe ƙura.

"Garau suke, Baba, sun fi ka ƙuruciya."

Bai yi dariya ba. Ya karɓi ɗaya da hannun mai lafiya, ya bi gefenta da babban yatsa, ya lanƙwasa. Roba ta buɗe, zare ya leƙo.

"Da bakina nake hana mutane ajiye taya a rana," in ji shi. "Ni kuma son in gan su ya sa na manta."

Na ce bari in sayo sababbi. Ya girgiza kai.

"Sa waɗannan. Iska kaɗan."

Na sa su a kekensa, muka ɗora shi a sirdi, ni riƙe da kan keken, Inna tallafe da bayansa. Muka tura shi a hankali har ƙarshen layi. A dawowa ta baya ta yage, iska ta fice. Na ja na tsaya.

"Kar ka tsaya, ja'iri," ya ce. "Ai ta taka ƙasa."

Haka muka ƙarasa gida, wili na gogar titi.