Ramin da Kura Ta Bari

A farkon aurena, a wani ƙauye bayan Beli, kura ta sa mu a gaba. Tumakin da aka kawo ni da su ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Gari zai waye, in fita in tarar da kan tunkiya a bakin garke, ido a buɗe, hanji a jaye har bayan danga, ƙasa ta sha jini. Ragon ma ƙafa ɗaya ta bar mana. Sai ya rage tunkiya guda, mai tsohon ciki, wadda mahaifiyata ta ba ni da hannunta.

Kullum maigidana cike ramin da ta tona yake yi da duwatsu, ya ƙara jibga ƙaya a kan shinge. Washegari ta tona wani.

Shi kuwa ɗan farin surukata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, balle ta ce ya yi kuskure. Sai ta ɗauko mazarinta ta zauna kusa da garken tana kaɗi, ta jefo mini tambaya, shi yana ji.

"Ke 'yar nan, kura tsalle take yi?"

Na ce, "A'a, Inna, tono take."

"To ƙayar da ake ta tarawa a sama, ta shaho ce?"

Maigida ya ajiye dutse ya ce, "A gaya wa Inna, ana cike ramin ai."

Ta murza mazari. "'Yar nan, in an cike, gobe ina za ta tona?"

"Wani wurin."

"Kun san wurin?"

"A'a, Inna."

"Wannan ramin da ta bari fa, kun san shi?"

Nan kaina ya buɗe. Na ce, "Inna, kada a cike. Ta nan za ta komo."

"In ta komo, me take fara turowa?"

"Kanta."

"Allah Sarki. Kai kuma ba ya son nauyi."

Ba ta ƙara ba. Maigida ya kwashe duwatsun da hannunsa. Shi da ƙannensa suka turo gungumen kirya, suka ɗaga shi a kan ramin, suka tokare da sanda. Ni na ce a ɗaure ƙafar ragon nan a jikin sandar, tunda ita ta bar mana.

Da assalatu muka ji ƙara kamar ana tsaga ƙwarya. Muka fito. Gungumen ya danne mata wuya, gindinta a waje yana shure-shure, tana cizon ƙasa. Maza suka rufe ta da gatari da fartanya. Ni taɓarya na ɗauko. Na tuna hanjin nan, na yi ta kirɓa muƙamuƙinta har haƙora suka zube, har jini ya fantsamar mini a zane, har sai da aka riƙe hannuna.

Tunkiyata tana can lungu tana rawar jiki, ko ƙwarzane babu. Kafin kaka ta haifi tagwaye.

Da safen da aka kashe kurar, Inna ta fito da butarta, ta dubi mushen, ta dube ni.

"'Yar nan, wa ya koya wa mutanen gidan nan dabara?"

Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "A gaya wa Inna an gode."