Tukunyar Jamusawa a Thamesmead

Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma fita ba ta dame ni ba, amma in magana ta wuce ta kusa da kunnena to ta zauna. Shekarun da babbar 'yata take jami'a, ina tuƙa tuwo tana ba ni labarin karatunta, rabi Hausa rabi Turanci. Wata rana ta kawo na wasu Jamusawa, manoma da masaƙa, da suka saɓa da cocin ƙasarsu suka haye Amurka can zamanin kakannin kakanninmu. Suka haɗa komai wuri guda: gona ɗaya, kicin ɗaya, ba mai cewa nawa. Abinci ma shiru suke ci, wai hira a kan tebur ɓata lokacin ibada ce.

Na ajiye muciya na zari mayafi.

Maƙwabciyarmu ce a raina, 'yar zangon Kumasi. Tun da ta fita takaba ta daina ɗora tukunya, duk ta zube. In mun aika mata kwano sai ta dawo da shi a rufe, wai ita ba almajira ba ce. To a tsarin Jamusawa ai ba mai ba wani.

Na bi gidajen matan benenmu a nan unguwarmu Thamesmead ina haki, ina cewa daga yau mun zama Jamusawa, tukunyarmu ɗaya. Wata ta tambaya ko da su mazan, na ce su ci nasu a falo, haka dokar take. Maƙwabciyar tawa kuwa na ce mata shinkafa da wake irin na Ghana ba wanda ya iya sai ita, in ta ƙi ta rusa mana gari. Ta zo tana ɗaure fuska, da ledar ganyen dawar da ake dafa shinkafar da shi a hannu.

Aka zuba, aka zauna, 'yata ta ce a yi shiru. Ni da shiru! Ina jin haɗiyar kowa. Na cije leɓe, kafaɗuna na rawa, hawaye na zuba cikin miya.

Sai maƙwabciyar ta dube ni, da Hausarta ta zango: "Hajiya, ka yi magana kafin ka fashe mana."

Muka zube a kan kafet. Tana dariya tana share ido, ta miƙo farantinta a ƙara mata.